Ƙararrawar Hadari ta Varzelle

Ni 'yar mai kaɗa ƙararrawa ce, na kuma auri mai kaɗa ƙararrawa, amma ban taɓa son ƙararrawar nan ba ko na yini ɗaya. Sunanta Clémence. A garinmu Varzelle ba a rataye ƙararrawa sai an yi mata baftisma kamar ɗiyar mutum, an sa mata farar riga, matar mai ƙasa ta tsaya mata a matsayin uwa. Haka aka yi wa wannan tun zamanin kakanni, shi ya sa tsofaffin garin ke maganarta kamar wata gwaggonsu da ke zaune a saman hasumiyar coci.

Aikinta na yau da kullum bai dame ni ba, ta kira mutane sujada, ta sanar da mutuwa ko ɗaurin aure. Aikin hadari ne ya sa na tsane ta. Da zarar gari ya haɗe daga yamma a watannin da inabi ke ɗaukar ruwa, mai kaɗawa zai bar ko me yake yi ya ruga ya kama igiya, ya yi ta ja har hadarin ya wuce, wai muryar Clémence tana tarwatsa gajimare ta kori ƙanƙara. Ladansa damin alkama da tulun ruwan inabi daga kowane gida bayan girbi, da ɗan gidan da ke gindin coci. In ƙanƙara ta sauka duk da haka, a ce ya makara. In ta wuce mu ta sauka a garin da ke gabanmu, su aiko mana da zagi, wai mun koro musu hadarinmu.

Ina budurwa tsawa ta faɗa wa hasumiyar, ta biyo jiƙaƙƙiyar igiya ta sami babana. Ni na fara shiga. Na tarar da takalminsa na katako ɗaya a bakin ƙofa, tafin hannayensa sun ƙone, ɗakin yana warin gashi. Fada, limamin cocinmu, ya ce ya mutu a bakin aikin Ubangiji. Inna Mathurine, ungozomar garin, wadda ita ta yanke min cibiya, ta rungume ni tana ba ni haƙuri, ta ce in duba, ko ƙwaya ɗaya ta ƙanƙara ba ta sauka ranar ba, ashe babana ya ci nasara. Saura kaɗan in gantsara mata cizo.

Babana bai bar ɗa namiji ba, al'ada kuwa wanda ya aure ni shi ke gadon igiya da gidan. Gervais ne ya fito. Ɗan ƙodago ne a gonakin inabi, ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, sai doguwar ƙafa da yawan tambaya. Mutane suka ce igiyar ya aura, ni gyara ce aka ɗora masa. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya ce shi dai bai taɓa ganin gyaran da ya fi sayayya surutu ba. Ban aure shi don so ba. Son daga baya ya shigo, ya kuma shigo da yawa har ya ba ni tsoro. Mutum ne da ba ya iya wucewa ta kusa da ni bai ja min bakin ɗankwali ba. In zai yanka burodi sai ya dafa shi a ƙirji, ya miƙo min gefen da ya fi gasuwa domin ya san shi nake so. Abu ɗaya na roƙi Allah a lokacin, kuma har yau da na tsufa ban ga na roƙi abin da ya yi yawa ba: mutumin nan ya zauna da ni a gida, da ransa, har furfura ta kama mu tare. Amma duk sanda iska ta juya sai in ga ya ɗaga kai yana duban yamma.

A kasuwar birni, inda nake kai ƙwai da cuku, na ji labarin Malam Ozanne mai kantin magani. Mata suna gulmarsa, wai ya kafa doguwar sandar ƙarfe a kan rufin gidansa ya ja waya daga jikinta har cikin ƙasa don tsawa ta bi ta nan ta shige, maƙwabtansa har sun kai shi ƙara. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da wata ta ce tsohon yana cewa kaɗa ƙararrawa cikin hadari ba ya korar komai, kiran ajali ne kawai ga mai riƙe da igiya. Ban ƙarasa sayar da ƙwan ba na nufi kantin, na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce kada in yarda da shi, in kawo mijina ya gani da idonsa.

Sai da na yi fushi, na yi kuka, na daina sa gishiri a miya, kafin Gervais ya yarda ya bi ni.

Kowace ranar kasuwa da yamma Malam Ozanne yana tara mutane a ɗakin bayan kanti. Ba a shigar da mata, sai na zauna da matarsa cikin kwalabe ina leƙe ta ƙofa. Akwai lauya, akwai likita, akwai mai gyaran agogo, har da autan mai ƙasarmu da hular gashinsa mai farar hoda. A tsakiya an ajiye wani ƙwallon gilashi mai hannu. Malam Ozanne ya yi ta juya shi yana goga masa fata har ya fara tartsatsi shuɗi-shuɗi. Ya ce wannan da walƙiyar sama abu ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta su. Ya nuna musu yadda tartsatsin ke son ƙarfe da abu mai tsini. Ya jiƙa zare ya nuna yadda yake bin sa a guje, busasshe kuwa ya ƙi bi. Ni dai bayan wuyan Gervais nake kallo. Daga nan ya ce su riƙe hannun juna su yi da'ira. Gervais ya goge hannunsa a wando kafin ya miƙa wa ɗan mai ƙasa. Na ƙarshe ya taɓa kan wata kwalba, sai gaba ɗayansu suka zabura a lokaci guda, lauya ya yi ƙara kamar akuya, hular gashin nan ta karkace.

A hanyar gida na yi ta jira ya yi maganar igiya. Sai da muka wuce gada ya buɗe baki.

"Perrine, kin ga yadda ya yi tsalle?"

"Wa?"

"Ɗan mai ƙasa mana. Daidai da ni ya yi tsalle. Abin bai tsaya ya tambayi ko ɗan waye ba."

"To ni ina ruwana da tsallensa? Igiyar fa?"

"Igiya kam na gani. Ba zan sake riƙe ta tsawa na kanmu ba."

Na yi murna har na ɗauki kwandon da kaina na bar shi ya tafi hannu sake. Ban lura cewa maganar igiyar ita ce ƙarama a ransa ba.

Tun daga ranar bai sake fashin kasuwa ba. Malam Ozanne ya gyara masa ɗan karatun da ya sani, yana dawowa da labarai cike da baki. Wai abin da ya riƙe wata a sama shi ne ke jawo dutse ƙasa in ka jefa shi, doka ɗaya ce, ba a yi wa kowa sassauci. Wai masana sun ce mutum ya zauna ya tsince duk abin da aka gaya masa tun yana yaro, yadda nake tsintar wake, ya ajiye abin da ya gwada ya ga gaskiyarsa, ya zubar da saura. Na ce to ya tsince a hankali, kada ya haɗa ni da tsakuwa.

Tsintar ba ta tsaya a wata da taurari ba. Ya fara tambaya me ya sa dole mu kai ƙullunmu tanderun mai ƙasa mu bar masa kaso, alhali kowace mace ta iya haɗa wuta. Me ya sa tattabarunsa ke cinye irin da muka shuka, wanda ya jefe su kuma a ɗaure shi. Fada ya ce haka Allah ya tsara. Gervais ya dawo gida ya ce min haka aka ce Allah ya tsara wa ƙararrawa ma, in kakanni sun yi kuskure a wancan, me zai hana su yi a wannan? A ɗakin Malam Ozanne suna karanta littattafan da ake shigo da su a ɓoye ƙarƙashin buhunan ganye, masu cewa mulki yarjejeniya ce tsakanin mutane, in mai mulki ya karya tasa, talaka ba ya cikin ɗauri. Ni dai na ce a yi ta karatu, tun da karatu ba ya ƙona tafin hannu.

Da farko dabara yake yi. In ya hango hadari daga nesa sai ya kaɗa, kafin ya iso ya saki igiya ya sauko, ba wanda ya lura. Amma ranar babbar ƙanƙara hadarin bai ba da wannan damar ba. Ran Lahadi ce da safe, gari ya yi baƙi ƙirin lokaci guda, walƙiya tana ta tsaga sama daidai kan hasumiya. Mutane suka cika ƙofar gidanmu. Inna Mathurine ce a gaba, ɗankwalinta a hannu.

"Gervais, ɗana, me kake jira? Kama igiya!"

"Inna, ba zan kama ba. Wanda ya riƙe ta yanzu gawarsa za a sauko da ita, kuma ba za ta kori komai ba."

Suka ce to ya ba da mabuɗi wani ya hau. Ya sa hannu a aljihu ya danne, ya ce ba zai ba da ba. Ni ina bayansa na damƙe rigarsa da hannu biyu. Sai ƙanƙara ta sauko, manya kamar ƙwan kaza. Kafin a dafa tukunya ɗaya ta gama da mu. Alkama ta kwanta, inabi ya zama ruwa a ƙasa, tsuntsaye matattu ko'ina, gari duk yana warin ɗanyen ganye.

Kashegari labari ya zo cewa garin da ke gabanmu sun kaɗa tasu har igiya ta yanka hannun mai ja, kuma su ma ba a bar musu ko zangarniya ba. Gervais ya yi ta faɗa wa mutane wannan. Suka ce ai tasu ba Clémence ba ce. Aka karɓe mabuɗi, aka fitar da mu daga gidan, muka koma wata bukka a bakin gari da gwaggonsa ta mutu ta bari. In na wuce mata su tofar da yawu. Ba zan ɓoye ba, ni daɗi na ji. Muna cin miyar ganyen daji, ba mai gaishe mu, amma yana da ransa, kuma ba wanda ke nemansa sai ni. In aka yi tsawa sai in miƙa hannu in taɓa shi. Ban taɓa samunsa gaba ɗaya ba kamar a watannin nan.

Sanyin shekarar ya yi muni, kogi ya daskare, burodi ya gagari kowa. Cikin wannan hali wakilin mai ƙasa ya zo karɓar kasonsa kamar ba abin da ya faru, wanda ba shi da hatsi aka ɗauki tukunyarsa, Inna Mathurine aka ja akuyarta. Sai ga mazan da suka kore mu sun fara zuwa bukkarmu ɗaya bayan ɗaya, suna sosa ƙeya, wai maganar nan da ya taɓa yi ta tanderu, ya sake yi musu ita. Ba wanda ya ce ya yafe masa ƙanƙara, har yau wasu ba su yafe ba. Amma shi kaɗai ne suka taɓa gani an ce masa haka aka saba ya ce a'a.

Da sanyi ya yi sauƙi, sarki ya aiko kowane gari ya faɗi kukansa. Aka taru a ƙofar coci, Gervais ya hau kan dutse ya yi magana, ban san yana da irin wannan muryar ba. Aka zaɓe shi ya kai kukan Varzelle birni. Ya ɗaura ɗan ƙunshinsa, ya ce zai kwana biyu ya dawo.

Ya dawo kam, amma ya sake komawa, kuma kowace komawa ta fi ta baya tsawo. Abubuwa suka yi ta faruwa da sauri. Aka ƙone takardun mai ƙasa, aka gasa tattabarunsa aka cinye, shi da iyalinsa suka tsere, daga baya Fada ma ya bi dare ya gudu. Malam Ozanne ya zama magajin birni. Gervais ya wuce Paris, daga can ya shiga sojan sa kai. Labarinsa sai a bakin masu amalanke. Na gina tanderuna a bayan bukka, ba mai karɓar kaso, ina gasa burodi in zauna in dube shi. Kewarsa ta shiga jikina kamar ciwon baya, da ita nake kwana da ita nake tashi. In na ji takun doguwar ƙafa a hanya sai in saki abin da ke hannuna. Wata rana na tare Malam Ozanne a kan titi na ce ya dawo min da mijina. Ya ce ƙasa tana bukatar irinsa. Na ce ni ce na kawo masa shi aro don ya nuna masa jiƙaƙƙen zare, ban ce ya ba ƙasa ba.

A shekarar da aka sare kan sarki, lokacin tsinkar inabi, sai ga shi ya shigo gari da amalanken shanu, da 'yan sojoji, da wani Saje Roubaud mai jan gashin baki. Ya rame, ya yi furfura a gefen kunne. Jamhuriya tana yaƙi ta kowace kusurwa, an ba da umarni a sauko da manyan ƙararrawa a narke su a yi igwa, a bar wa kowane gari ƙarama ɗaya. Shi aka turo Varzelle domin ya san hasumiyar. Ya rungume ni a bakin rijiya gaban kowa, yana warin taba da hanya. Ban gama jin ɗuminsa ba ya ce gobe da rana za su wuce, daga nan sai bakin iyaka. Wannan ne zuwansa na ƙarshe, ko da yake a lokacin ban sani ba.

Kafin gari ya waye matan Varzelle sun zauna a ƙofar hasumiya, Inna Mathurine a tsakiya da sandarta, wai sai dai a taka su kafin a taɓa Clémence, mai baftisma ce, ba a narka mai baftisma. Na tsaya daga nesa ina kallonsu, sai lissafin ya zo min da kansa. Muddin ƙararrawar nan tana sama, Gervais yana gari. Na ɗauki kujerata na je na zauna a cikinsu.

Inna Mathurine ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Perrine? Ke da ko sunanta ba kya son ji?"

"Matsa min, Inna. Na tuba."

"Tuban muzuru dai," in ji wata daga baya, aka yi dariya, amma aka matsa min.

Da Gervais ya iso da mutanensa ya gan ni a sahun gaba, sai ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallona. Saje Roubaud ya ce a ɗauke mu ɗaya-ɗaya kamar buhuna, Gervais ya ce Jamhuriya ba ta jan tsofaffi a ƙasa, a yi musu bayani. Ya kuwa yi bayanin, mai kyau, game da abokan gaba da 'yanci da tagulla. Muka saurara muna tsinkar wake. Da yamma ya zo gida ya ci abinci kamar ba abin da ya faru.

Zaman bai yi nisa ba. Inabi ya nuna yana neman ruɓewa a gona, mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta. Saje ya ce in aka ƙara yini zai aika birni a turo masa mutanen da ba su iya bayani ba. A ƙarshe daga ni sai Inna Mathurine, ita ma jikokinta suka zo suka ɗaga ta tana kuka. Na ɗauki kujerata na koma gefe. Ban taɓa jin na rasa dabara kamar ranar ba.

Gervais ya hau tare da Saje don duba gungumen da za a ɗaura igiyoyi a zuro ƙararrawar. Na bi su a baya, ba wanda ya hana ni, a nan na girma. Gungumen nan na san shi kamar tafin hannuna. Babana ya taɓa karya ƙusa uku a jikinsa bai shigar da ko ɗaya ba, shanu biyu ma za a iya ratayewa a kansa. Gervais ya ƙwanƙwasa shi da guduma nan da can, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Saje, ƙwari sun cinye cikinsa. In muka ɗora masa nauyi zai karye, ta faɗo ta kashe mana mutane. Sai an kawo sabo."

Kunnuwansa suka yi ja wur. Mutumin da ya yarda a kore shi daga gida, a tofa masa yawu, don kada ya faɗi abin da ba haka ba game da ƙararrawar nan, yau ga shi yana ƙarya a kanta gaban idona. Bai dube ni ba. Na juya na kama bango ina kallon gonaki ta taga, don kada Saje ya ga fuskata. Saje ya yi zagi ya gaji, ya aika birni a nemo gungume.

Kwanakin da suka biyo baya su ne dukiyata, ba ni da wata. Ya gyara min rufin bukka. Ya bi ni gona muka tsinki inabi, yana waƙa da muguwar muryarsa, sojojinsa ma suka tuɓe riguna suka shiga matsa. Ya ci burodin tanderuna ya ce ya fi na mai ƙasa, na ce dama can matsalar ba ta tanderu ba ce. Ba mu taɓa ambaton gungumen ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune a bakin ƙofa rana tana faɗuwa, na ce masa ya zauna, ya ce ya ji ciwo, ya ce komai ma. Ya ce in suka bari aka ci su da yaƙi, mai ƙasa zai dawo da wakilinsa, a sake jan akuyar Inna.

"Ke kika kai ni wurin Ozanne, Perrine."

"Na kai ka don ka zauna a gida da ranka."

"Na sani. Amma abin da na gani a ɗakin nan ba ya komawa inda ya fito. Da zan iya mayar da shi, da wataƙila na mayar saboda ke."

Na kwantar da kaina a kafaɗarsa. Ina jin haushinsa, ina kuma sonsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sabon gungumen ya iso da wuri fiye da yadda na zata, domin Malam Ozanne, Allah ya saka masa, da ya ji aikin Jamhuriya ya tsaya sai ya sa aka ciro na wani rumbun mai ƙasa. Aka sauke shi a ƙofar coci, mutane suka kewaye shi. Saje ya miƙa wa Gervais guduma, yana yi masa wani kallo, ya ce masa ya duba wannan ma tun da ya iya jin ƙwari. Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya.

"Maigida, ka duba shi da kyau. Irin waɗannan daga waje ne suke da kyau."

Ya durƙusa. Ya fara daga wannan kai yana ƙwanƙwasawa, taku bayan taku, yana kara kunne. Ya sa aka juya masa shi ya sake bi. Ya sa wuƙa ya kankare wani ɗan baƙin tabo, ya shinshina. Na ga da gaske yake nema, da zuciya ɗaya yake neman ko ɗan rami guda da zai tsaya a kai. Mutane suka fara gajiya, shanu suna kaɗa jela, shi yana nan a durƙushe ya dafa katakon da tafin hannunsa. Da ya kai ɗaya ƙarshen ya daɗe bai tashi ba. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya dube ni, ba Saje ba.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

Kafin rana ta take an sauko da Clémence an ɗaure a amalanke. Na raka su har gada. Daga nan ya ce in koma, inabin da muka tsinka jiya yana jira a kwando.